Na'urar auna koren ganye da na saya: wata bakwai ina matse ganyen Marwa da ita, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na saka hoton 'yar na'urar nan a WhatsApp mutane suke ta damuna da tambaya, wasu ma sun ɗauka ta gwajin suga ce, wani abokina na Garwa, nan arewacin Kamaru, har cewa ya yi in na shigo in zo in gwada mishi tsohuwarsa. To ba ta suga ba ce, ta auna koren ganye ce, kuma yau wata bakwai kenan tana cikin jakata, na matse ganyen masara da auduga da shinkafa da muskuwari (dawar rani) da darbejiya da ita har babban yatsana ya yi kanta, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana a kanta.

Tun kafin in ja ku da nisa: tana aiki, amma ba aikin da mai sayarwa ya rubuta a tallarsa ba. In tauraro ake bayarwa uku zan ba ta cikin biyar, kuma ukun nan duk na ido ɗaya ne da take da shi mai gani, sauran abubuwan da aka jingina mata kwalliya ce kawai.

Ta asalin da kowa ya sani ita ce SPAD-502 ta kamfanin Konica Minolta na Japan, ita za ka gani a kusan duk takardun bincike, amma kuɗinta ya haura miliyan ɗaya na sefa kafin ma a yi maganar duwan, wato kwastan, ni kuwa ɗalibi ne mai rubuta memwar, kundin kammala karatu, ina zan ga wannan kuɗin? Sai na samu mai kama da ita 'yar Sin a wani shago na intanet, ba zan faɗi sunansa ba, wani ɗan kasuwa a Duwala ya shigo min da ita, duka-duka da kuɗin hanya ta tsaya min jaka ɗari uku da 'yan kai, rabi kawuna ya cika min Allah ya saka mishi. An ce sati uku, sai da ta yi kusan bakwai, ta kwana biyu a ajans, ofishin motocin haya, a Ngawundare ba wanda ya kira ni, ranar da na karɓa kwalin ya lotse ta gefe ɗaya kamar an zauna a kai. Alhamdulillahi dai cikin lafiya lau. Takardar bayani kuwa Sinanci ne da wani irin Turanci da ko mai shi ba zai gane ba, Faransanci ko kalma ɗaya babu, da lalube na koye ta.

Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Bakinta kamar abin maƙale shanya ne, ka sa ganye a tsakani ka matse, cikin daƙiƙa biyu lamba ta fito, ganyen ma ba a tsinke shi. A ciki fitilu biyu ne ƙanana, ɗaya ja mai nanomita 650 ɗaya kuma irin hasken da ido ba ya gani mai nanomita 940. Sinadarin koren ganye, kulorofil, yana shanye jan, shi kuwa ɗayan wucewa yake ya bar shi, to bambancin abin da ya ratsa ganyen tsakanin biyun shi ne lambar da take ba ka. Lambar ba giram ba ce ba kashi cikin ɗari ba ce, lamba ce kawai ta kwatance, masara mai ƙoshi tana ba ni wajen hamsin, wadda yunwa ta kama ta sauko talatin da wani abu ko ƙasa. Wannan ɓangaren gaskiya ba ni da ƙorafi, in na matse wuri ɗaya sau biyar bambancin bai cika wuce ɗaya ba.

Inda muka fara saɓawa shi ne allon. Lambobi huɗu yake nunawa, kore, azot (sinadarin naitirojin da ke cikin taki), zafin ganye, danshin ganye, ni da na ga haka har da murna na ce kai na ci riba, labo, ɗakin gwaje-gwaje, guda a aljihu. Sai wata rana da dare wutar lantarki ta dawo na zuba awo kusan ɗari biyu a Excel na zana kore da azot, wallahi duk suka jeru a kan layi ɗaya miƙaƙƙe kamar an ja da rula, ko ɗigo ɗaya bai kauce ba. Duk wanda ya taɓa awon ganye na gaske ya san ba ya yiwuwa. Ashe ba ta auna azot sam, lambar koren take ninkawa da wani abu ta ƙara wani abu ta miƙo maka. Don in tabbatar na yanko koriyar leda na ninke na matse, ta ba ni azot ɗin leda, ta ba ni har danshinta. Ƙanwata tana gefe ta ce "Yaya to ka zuba wa ledar taki mana". Tun daga ranar ban sake kallon lambobin ukun nan ba.

Amma babban abin da ya sa na cire kuɗina shi ne wani layi a tallar, wai tana auna ƙarfin fotosintesis, wato yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana, da yawan kabon da shuka ke sha. Nan ne nake so in tsaya in yi bayani da kyau, don na san akwai ɗalibai irina a Marwa da Ngawundare da Injamena da za su ga layin nan su ruɗu, kuma maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, gaskiya ce aka ja ta har ta tsinke.

Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar CO2 ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. A cikin ganyen akwai wani furotin da ake kira Rubisco, shi ne mai kama CO2 ɗin ya sa shi a hanyar zama suga. Malalaci ne na bugawa a jarida, a daƙiƙa guda 'yan ƙwayoyi kaɗan yake kamawa, ga shi kuma yana kuskure ya cafko iskar oksijin a madadin CO2 musamman in zafi ya yi yawa, shi ya sa shuka take tara shi da yawa don ta cike giɓi, a irin su shinkafa da alkama wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na azot ɗin ganye a jikinsa yake. Iyakar gudun da Rubisco ɗin ganye zai iya yi in an ba shi komai ya wadata, shi masana suke kira Vcmax. Kamar ka ce injin niƙa, buhu nawa zai iya a awa in akwai mai akwai hatsi. A 1980 wasu mutum uku, Graham Farquhar da Susanne von Caemmerer da Joe Berry, suka fitar da lissafin da ya ce gudun fotosintesis a kowane lokaci ko dai Rubisco ne ke taƙaita shi ko kuma haske, wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke mulki. Yau shekara arba'in da wani abu, kusan duk manyan model na kwamfuta da ake hasashen yanayin duniya da su wannan lissafin ne a cikinsu, kuma Vcmax na ɗaya daga cikin lambobin da in ka taɓa su kaɗan sakamakon duniya gaba ɗaya ya motsa.

To ya ake auna Vcmax na gaskiya? Da wata na'ura dabam, irin su LI-6400 ko LI-6800 na kamfanin LI-COR, wadda take rufe ganye a ɗan akwati, tana hura mishi CO2 mataki-mataki daga kaɗan zuwa da yawa tana lissafa nawa ya sha a kowane mataki, ganye ɗaya zai iya cinye maka rabin awa ko fiye, kuɗinta kuma kuɗin mota ne mai kyau. Ni sau ɗaya na taɓa ganinta ido da ido a wani horo, ko taɓawa ba a bar mu mun yi ba. Tawa 'yar jaka ɗari ukun ba ta san CO2 ba, ko rami na shigar iska babu a jikinta, launi kawai take gani.

Ina gaskiyar da aka ja? Ga ta. Kulorofil da Rubisco duka azot suke ci, kuma shuka ba ta cika tara ɗaya ta bar ɗaya ba, don haka sau da yawa ganyen da ya fi kore ya fi Vcmax. A 2017 wata mai bincike Holly Croft da abokan aikinta sun nuna haka a wani daji a Ontariyo ta Kanada, sun ga kulorofil ya fi ma jimillar azot ɗin ganye bin sawun Vcmax a tsawon shekara. Abin ya yi wa masu model daɗi sosai saboda tauraron ɗan adam ba ya ganin Rubisco amma yana ganin kore, Sentinel-2 na Turai da aka fara harbawa a 2015 yana da idanu na musamman a gefen jan haske da ake ƙiyasta kulorofil da su, hotunansa kuma kyauta ne. Kenan daga sama a ƙiyasta kore, daga kore a ƙiyasta Vcmax, daga Vcmax a lissafa kabon. Sarƙa ce mai zobe uku, na'urata tana taimakawa a zobe na farko kaɗai, shi ma sai ka kai ganyen labo an narka shi an auna kulorofil na gaske ka daidaita lambarta da shi, kowace irin shuka da nata. Mai talla ya tsallake zobe biyu ya ce ga kabon. Kuma dangantakar da aka samu a itatuwan Kanada masu zubar da ganye lokacin ƙanƙara, wa ya ce haka take a jikin dawar karal, laƙar nan tamu mai riƙe danshi?

Wani zai ce to ina ruwanmu da wannan lissafin na Turawa. Ni ma da haka nake gani sai da malamina ya ajiye min wasu lambobi a gaba. A 2010 wani bincike da Christian Beer ya jagoranta ya ƙiyasta tsirran doron ƙasa suna shan kabon tan biliyan 123 a shekara, kuma kashi 60 cikin ɗari na wannan daga dazuzzukan wurare masu zafi ne da filayen sabana irin namu. A 2024 wasu suka bi ta wata hanyar dabam suka samu tan biliyan 157. Ku duba tazarar, tan biliyan talatin da huɗu, alhali duk hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da gas da siminti na duniya wajen tan biliyan 10 na kabon ne a shekara. Wato saɓanin da ke tsakanin masana a kan abin da ganye ke sha ya ninka abin da muke ƙonawa sau uku. Ba wai duk wanda aka sha yana zama ba fa, kusan rabi shukar da kanta take mayarwa ta numfashi, saura kuma ruɓewa da gobarar daji da gara su mayar da mafi yawa, abin da ke saura a ƙasa bai wuce wajen kashi uku cikin goma na hayaƙin da ɗan adam ke fitarwa ba. Amma in ba ka san abin da ya shiga ba ya za ka san yadda ragowar za ta kasance nan da shekara talatin?

Sannan a 2015 wani bincike na Anders Ahlström ya nuna cewa hawa da saukar shan kabon na duniya daga shekara zuwa shekara, kaso mafi girma daga yankuna masu ƙarancin ruwa yake fitowa, ba daga dajin Amazon ko na Kwango ba. Mu kenan. Shekarar da damina ta yi kyau daji ya cika ya sha da yawa, shekarar fari ya sha kaɗan, duniya ta ji a jikinta. Ga shi kuma hasumiyoyin da ke auna shige da ficen CO2 kai tsaye yawancinsu a Turai da Amurka ta Arewa suke, a duk faɗin Sahel waɗanda sunansu ke yawo a takardu 'yan kaɗan ne, Dahra a Sanigal, Wankama a Nijar, Demokeya a Sudan. Itatuwanmu ma sai kwanan nan aka ƙirga su, a 2020 Martin Brandt da tawagarsa suka ƙirga sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel ta hotunan sama, a wuraren da taswirori da yawa suke nunawa kamar fili ne fetal, a 2023 kuma aka faɗaɗa aikin daga Atilantika har Bahar Maliya aka samu kusan biliyan 10. Wannan ne ya sa duk da haushin tallar ban jefar da na'urar ba, don awo daga ƙasa shi ne abin da babu a wajenmu, ko na launi ne.

Bari in koma gona, nan ne ta nuna min halinta.

A masara da dawa da gero da shinkafa lafiya lau, ganye mai faɗi ne, ka dai kauce wa jijiyar tsakiya. Auduga ma haka amma jijiyoyinta da yawa, in ka matse a kan jijiya lambar ta yi tsalle. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne kar ka kwatanta lambar wata shuka da ta wata. Na auna auduga na auna dawa a gonaki maƙwabta wajen Meskin, lambobin suka zo kusa da juna, in ka bi tallar sai ka ce shan kabon ɗinsu ɗaya, alhali ko kusa. Dawa da gero da masara da rake 'yan gidan C4 ne, suna da wata dabara ta tara CO2 su cusa wa Rubisco a wani ɗaki na ciki inda oksijin ba ta dame shi, don haka da Rubisco kaɗan da ruwa kaɗan suke aiki mai yawa a tsakiyar zafi. Auduga da gyaɗa da wake da shinkafa da itatuwa 'yan C3 ne, ba su da wannan. Ko a model ma lissafinsu dabam ake yi. Na'urar ba ta san wannan ba, ita dai kore kore ne.

Sai maganar tsakar rana. A Oktoba bayan ruwa ya ɗauke na auna wata auduga da safe na dawo ƙarfe biyu, ganyen ya yi laushi ya sunkuya, kowa ya gani ya san ƙofofinsa sun rufe ba abin da yake sha, amma lambar kusan tana nan inda take, ɗan motsin da ta yi ma na yadda ƙwayoyin koren ke jujjuyawa ne a cikin ganye in rana ta yi ƙarfi. Injin niƙa yana nan da girmansa amma an rufe shago. Shi ya sa ko Vcmax ɗin ma iyawa ce ba aikatawa ba, sai an haɗa da haske da ruwa da zafi. Abin dariya ma a takardu Vcmax a ma'aunin zafi 25 ake rubuta shi don a iya kwatantawa, mu kuwa a Afrilu Marwa tana haura 40, sai an bi ta wani lissafin kafin a kawo shi inda ganyenmu yake rayuwa. Shawarata dai ka riƙa awo a lokaci ɗaya kullum, ni tsakanin bakwai da tara na safe nake yi.

Inda ta ba ni kunya sosai shi ne gawo. Ni kuwa gawo ne zuciyar memwar ɗina, saboda bishiya ce mai yin komai a juye, da damina ta zubar da ganye ta tsaya tsirara hatsi ya samu rana a ƙarƙashinta, da rani lokacin da komai ya bushe ita kuma ta yi kore shar. Ita da muskuwari su ne suka sa nake ganin duk model ɗin da ya ɗauka kore na bin ruwan sama ne kawai zai yi kuskure a Diyamare, yankin da Marwa take, don muskuwari ana dasa shi ne Satumba zuwa Oktoba a laka ta karal bayan ruwa ya janye, ya rayu da danshin da ƙasa ta riƙe har girbi a Janairu ko Fabrairu ba tare da ɗigon ruwan sama ba, 'yan Cadi suna ce mishi berbere, a Barno masakwa. To ganyen gawo ƙanana ne mitsi-mitsi, faɗinsu bai kai ya rufe idon na'urar ba, haske ya zille ta gefe, ta ba ni 12 ta ba ni 40 ta ba ni alamar kuskure duk a reshe ɗaya. Na gwada jera ganyen a kan salatif, aikin awa guda don awo uku, na haƙura. Bagaruwa ma haka. Darbejiya da mangwaro da kanya ba matsala. Albasa kuwa, wadda ita ce kuɗin mutanen nan da rani, ganyenta bututu ne sai ka tsaga shi ka shimfiɗa, ruwansa ya ɓata gilashin, ka goge ka sake, masu lambu kuma ba sa son ganin kana tsaga musu ganye.

Ƙurar hunturu wata masifar ce. Disamba da Janairu ganye duk ya yi fari da ƙura, in ba ka goge shi da ɗan tsumma ba lambar ba ta zama daidai, ƙurar kuma tana shiga bakin na'urar, sai ka ga ta ƙi daidaita kanta in ka kunna. Yanzu burushin fenti ƙarami nake yawo da shi. In ta daɗe a rana allon ya yi baƙi ba ka ganin komai sai ka sa ta a inuwa ta huce. Pil, wato batir, biyu ƙanana take ci, suna kai ni sati biyu zuwa uku in na sayi masu kyau, na bakin hanya kwana biyu sun mutu. An ce tana tura awo zuwa kwamfuta ta waya, faifan da aka haɗo da shi bai taɓa buɗewa ba, na rubuta wa mai shagon sau uku, amsa ɗaya ya ba ni ta gode da saye. Littafi da biro nake amfani da su, in rezo na intanet ya samu da dare in shigar.

Yanzu inda ta biya kuɗinta, don kar a ce na zo ɓata ta ne kawai: taki. Duk wanda ya sayi buhun ure, takin yuriya, a 'yan shekarun nan ya san ba abin watsawa da ka ba ne. Dabarar da na koya ita ce ka ware ɗan layi a gona ka ƙosar da shi da taki sosai, shi ne ma'auninka, sai ka riƙa auna sauran gonar kana kwatantawa da shi, in sauran ya sauka ƙasa da kashi 95 cikin ɗari na layin to lokacin ƙari ya yi, in bai sauka ba ka riƙe takinka. Haka na yi a masarar kawuna, ganye talatin a kowane ɓangare in ɗauki matsakaici, kuma ta nuna min saukar kusan sati guda kafin ido ya fara ganin ɗorawa-ɗorawan nan a ganyen ƙasa. Ɓangaren da ke kusa da inda shanu suke kwana da rani kuwa bai taɓa sauka ba, ba mu zuba mishi na biyu ba, kuma bai gaza sauran ba a girbi. A shinkafa masu binciken IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta Filifin, sun daɗe suna amfani da lamba 35 a matsayin iyaka ga shinkafar dashe, amma wannan da ta asalin aka samo shi, tawa ban yarda lambarta ta yi daidai da waccan ba don haka a Maga ma dabarar layi na bi. Su IRRI ɗin ma suna da wani ɗan faifan roba mai launukan kore jere da ake karawa a jikin ganye, kuɗinsa bai kai na cajin waya na wata ba, manomin shinkafa shi ya fi dacewa da shi ba wannan ba.

Sai dai tana gaya maka ganye ya koɗe ne, ba ta gaya maka dalili. A wata gonar dawa lamba ta faɗi na ce azot ne, Baba ya zo ya duba ya tona gindin da sanda ya ce "Kai wannan ƙuduji ne ke shan ta tun daga ƙasa, bai dai fito ba tukuna". Sati biyu sai ga furanninsa ja-ja. Rashin sulfa ko ƙarfe, ruwa ya kwanta, cuta, duk lamba ɗaya za su ba ka, sai ka duba ko tsofaffin ganye ne suka fara ko sababbi, wannan kuma aikin idonka ne.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne mutane. Kuskuren da na yi na farko na ce wa wani dattijo a karal ina auna abin da ya shafi kabon ne, kafin la'asar magana ta zaga wai an turo yaro yana rubuta sunayen waɗanda za a ba kuɗin kabon, washegari na tarar da mutum takwas suna jirana a bakin gona kowa da katinsa na ɗan ƙasa a hannu. Na yi rantsuwa na yi bayani, wani ya ce "Ɗana in ba kuɗi to haraji ne, faɗa mana gaskiya". Sai da Baba ya sa baki. Yanzu in an tambaye ni cewa nake ina duba yunwar dawa ne, kowa ya gane, har kira na ake in zo in duba.

Wa zan ce ya saya? Ƙungiyar manoma ko mai ba da shawarar noma da ke zagaya gonaki da yawa na masara ko shinkafa ko auduga, in an haɗa kuɗi an sayi ɗaya za ta yi amfani. Ɗalibin da ke son kwatanta iri da iri ko taki da taki a shuka ɗaya, ita ma ta isa, amma ka rubuta a memwar ɗinka cewa lambar kore ce, kar ka kuskura ka kwafi azot ɗin allon ka kai gaban malamai. Wanda kuma yake son ya ce gonata ko dajin garinmu ya sha kabon tan kaza, ya riƙe kuɗinsa, tef na awo da zai zagaya gindin itatuwa da shi ya fi kusantar da shi ga amsa. Manomi shi kaɗai mai kadada ɗaya ko biyu, jaka ɗari uku taki ne mai yawa, ya sayi takin.

Ni yanzu abin da nake yi, na zaɓi filaye goma sha biyu na karal tsakanin Salak da hanyar Mindif, duk ranar da Sentinel-2 zai wuce, kwana biyar-biyar kenan, ina can da safe ina awo ina ɗaukar wurin da GPS na waya, in ga ko koren da yake gani daga sama ya yi daidai da wanda nake matsewa a ƙasa. Na muskuwarin bana an girbe, littafi biyu na cika, na gawo kuwa shafin har yau fari ne. In akwai wanda labonsu ke da na'urar hura CO2 ɗin nan, a Garwa ne ko Ngawundare ko Injamena, ko kwana uku ne a ba ni tare da mai kula da ita, ni zan biya kuɗin mota da abinci, gawon na nan da ganyensa har zuwa farkon damina.